A gina rumbu kafin zaure: shawara ga jami'armu kan gidan adana kayan fasaha

Kowace shekara, idan sanyi ya shigo kuma rana ta yi sauƙi, nakan kwashi ɗalibaina na ajin ƙarshe na sakandare in kai su Gidan Tarihi na Ƙasa mai ɗauke da sunan Boubou Hama, wanda mu mutanen Yamai muka fi sani da Muze. Tun kafin mu shiga ƙofa na san yadda ziyarar za ta kasance. Za su ruga wajen zakuna da dorinar ruwa, su tsaya baki buɗe a gaban ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare miliyoyin shekaru da suka wuce, su ɗauki hoto kusa da busasshiyar itaciyar Tenere da mota ta kayar a 1973, sa'an nan su ratsa ɗakin tufafin gargajiya da sauri kamar waɗanda hadari ya taso wa. Ba na jin haushinsu ko kaɗan, domin aikin da aka kafa wurin ya yi tun 1959 ke nan: ya tara jama'ar ƙasa, yaro da babba, mai ilimin boko da wanda bai taɓa shiga aji ba, ya nuna musu Nijar a dunƙule cikin yini guda, kuma yana yin wannan aiki.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata tsohuwar ɗalibata da ta haye gadar Kennedy ta shiga Jami'ar Abdou Moumouni, ta kai ga rubuta kundin kammala karatu a kan ɗinkin manyan riguna. Ta zo gaishe ni wata Juma'a da yamma, na tambaye ta aiki, sai ta ce: "Malam, na karanta abin da aka rubuta a kan aska biyu da aska takwas har na haddace, amma ban taɓa riƙe tsohuwar riga a hannuna na juya ta na ga bayan ɗinkin ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maɗinki ya san cewa a bayan riga ake gane gwani, domin nan ake ganin inda ya ƙulle zare, da inda ya canja allura, da inda yaron shago ya karɓi aikin daga hannun maigida. Rigar da ke bayan gilashi fuskarta kaɗai take nunawa, kuma haka ya dace, tun da dubban mutane ne suke wucewa ta gabanta. Mai bincike kuwa bayan yake nema. Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da jami'armu za ta mallaki gidan adana kayan fasaha nata na kanta, wanda za a tsara shi a matsayin ɗakin karatu, kamar yadda ɗaliban kimiyya suke da ɗakin gwaje-gwaje, masu koyon likita kuma suke da asibitin koyarwa.

Shawarar ba sabuwa ba ce a duniya. Jami'ar Oksfod ta Ingila ta buɗe gidan Ashmolean a 1683, Jami'ar Yel ta Amurka ta buɗe nata ɗakin zane-zane a 1832, kuma a kusa da mu gidan tarihin IFAN na Dakar, mai sunan Théodore Monod, yana ƙarƙashin Jami'ar Cheikh Anta Diop. A Legas an buɗe gidan Yemisi Shyllon a Jami'ar Pan-Atlantic a 2019, da kayan da mutum guda ya shafe shekaru yana tarawa sa'an nan ya ba da su kyauta. Misalin da ya fi burge ni shi ne na Zariya, inda a 1958 wasu ɗaliban zane, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don neman a haɗa abin da malamansu Turawa suke koya musu da fasahar da suka gada daga gida. Ɗalibai ne suka tayar da wannan magana, a cikin harabar makaranta, kuma ita ce ta canja alƙiblar zanen zamani a Najeriya. Irin wannan muhawara tana bukatar wurin da ɗalibi zai tsaya da tsohon aiki a gabansa, da malami a gefensa, ya yi gardama da su duka biyun.

Mu ma ba daga fako za mu fara ba. Jami'ar Yamai ta haura shekara hamsin, kuma a ƙarƙashinta akwai cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam da ake kira IRSH, wadda take riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami kimanin dubu huɗu, waɗanda Boubou Hama ne ya fara tattara su. Galibi ana kallon waɗannan takardu ta fuskar abin da aka rubuta a cikinsu, fiƙihu ne ko tarihi ko waƙa, amma kowace takarda aikin hannu ce: akwai salon rubutun, akwai jan tawada da baƙa da yadda aka haɗa su, akwai zayyanar da aka ƙawata gefen shafi da ita, akwai tadarishi da gafakar da baduku ya ɗinka. Cibiyar tana kuma da sashen binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, wanda ya yi aikin da ya ɗaga sunan ƙasar nan. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, a 1983 kuma Boubé Gado ya jagoranci haƙa wurin, aka fito da ɗaruruwan tukwanen yumɓu na binne mamata, wasu da siffar kawunan mutane a samansu, har da mahayin dokin nan da ya shahara, kuma an ƙiyasta cewa mafi tsufa daga cikinsu sun kai ƙarni na 3. Ke nan kayan suna nan, masanan suna nan, abin da nake kira shi ne a buɗe musu ƙofa guda wadda ɗalibin shekarar farko zai iya shiga ba tare da ya san kowa ba.

Labarin Bura bai ƙare da daɗi ba, kuma ya kamata duk mai zumuɗin baje koli ya tsaya ya yi nazarinsa. Bayan da aka nuna kayan a babban baje kolin kwarin kogin Isa da aka buɗe a Faris a 1993, masu tara kayan tarihi na ƙasashen waje suka san da su, farashi ya tashi, sai aka afka wa wuraren da haƙa ba dare ba rana. Manomin da damina ta yi masa gardama, aka zo har gida aka nuna masa cewa tukunyar da ke ƙarƙashin gonarsa za ta sayi buhunan hatsi, ba ni da bakin zaginsa. Amma tukunyar da aka tumɓuke ba tare da an auna zurfin da take ba, ba a rubuta abin da ke kusa da ita ba, ta zama kurma: ana iya sha'awar kyanta a wani falo a Turai, ba za ta ƙara gaya wa kowa komai game da mutanen da suka gina ta ba. A shekarar 2000 hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. Muna da doka tun 1997 a kan kare kayan gado na al'adu, amma doka ba ta gane tukunya. Jami'in kwastan da ke filin jirgi ko a kan iyaka, da jandarman da ya tare mota a hanyar Tera, sai an taɓa nuna musu na gaske da na jabu, sun riƙe sun ji nauyinsu, kafin su iya bambance tsohon abu da wanda aka gasa jiya aka shafa masa ƙasa. Wa zai koya musu, kuma a ina? Ko dutsen nan da ya faɗo daga duniyar Mars, mai nauyin kusan kilo 25, da aka tsinta a jihar Agadas a 2023 aka yi gwanjonsa a Niyok a 2025 kan sama da dala miliyan biyar, yawancinmu sai a rediyo muka ji cewa ya taɓa zama namu.

Nan ne nake so in dage a kan abin da nake ganin shi ne ƙashin bayan maganar. Idan aka ce gidan tarihi, abin da ke fara zuwa zuciyar shugabanni shi ne gini: a aza harsashi, a gayyaci jakadu, a yanke ƙyalle, a sa hoto a talabijin. Ni kuwa ina roƙon a jinkirta zauren baƙi, a fara da rumbu. Manomin kirki ba ya gayyatar mutane cin tuwo kafin ya san inda zai zuba hatsinsa da yadda zai kare shi daga gara da ɓera. Rumbun gidan fasaha shi ne ma'ajiya mai tsabta da kundin rajista. Kowane abu da ya shigo a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa gaba da baya, a auna shi, a rubuta wanda ya yi shi da garinsu da shekarar, da wanda ya kawo shi da yadda ya same shi, da kuɗin da aka biya in an saya, a ajiye kundin a takarda da kuma a kwamfuta, a kai kwafi wani wuri dabam. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba ya jawo tafi, amma abin da ba a rubuta ba, ranar da ya ɓace babu mai iya rantsuwa cewa ya taɓa kasancewa, kuma ko an gan shi a kasuwar wata ƙasa babu hujjar da za a nemo shi da ita. Ɗalibai ashirin da malami guda, da na'urar ɗaukar hoto da ma'auni, za su iya fara wannan aiki a zangon karatu mai zuwa, kuma aikin kansa darasi ne da ya cancanci maki.

Maƙiyan kayan fasaha a ƙasarmu sanannu ne. Gara tana cin itace da takarda, asu yana cin saƙi, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, zafin bazara yana busar da fata har ta tsattsage, damina kuma ta kawo laima da fumfuna. Ga wanda zai yi gini a Haro Banda, gaɓar kogin da jami'ar take, akwai ƙarin abokin gaba, wato kogin kansa, domin ba mu manta da 2020 ba, lokacin da ruwa ya ci unguwannin wannan gaɓa irin su Lamorde ya raba dubban mutane da gidajensu. Ma'ajiyar da za a yi dole ta kasance a kan tudu, kayan kuma a kan kantoci nesa da ƙasa. Ba na goyon bayan a dogara ga na'urar sanyaya ɗaki kaɗai, domin ɗakin da ya yi sanyi da safe, wuta ta ɗauke da azahar ya koma tanda, ya fi cutar da fata da itace a kan ɗakin da zafinsa bai cika canjawa ba. Maginanmu sun daɗe da sanin maganin wannan. Katanga mai kauri ta ƙasa, da rufin bakan gizo, da ƙananan tagogi a sama, suna riƙe ɗaki cikin yanayi guda dare da rana. Falke Barmu, maginin ƙauyen Yama a jihar Tawa, ya fara gina masallacin Juma'ar garinsu da ƙasa a 1962, ya yi ta ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi, har aikin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, nan jihar Tawa ɗin, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse. Jami'ar da take ɗauke da sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar hasken rana, bai kamata ta gina akwatin siminti da gilashi ta zauna jiran wutar lantarki ba. Ginin kansa ya zama abu na farko a cikin kundin rajista, da sunayen maginan da suka ɗora shi.

Maganar suna ita ce ta kawo ni kan abin da za a tara. Duk wanda ya taɓa duba hotunan kayanmu da ke gidajen tarihi na Turai ya ga irin bayanin da ake liƙa musu: "Hausa, ƙarni na 19", ko "Abzinawa, yankin Agadas". Zanen Bature kuwa, komai ƙanƙantarsa, yana ɗauke da sunan mai shi da shekarar haihuwarsa da ta mutuwarsa. Wannan bambanci ya koya wa duniya, har da mu kanmu, cewa a can akwai masu fasaha, a nan kuwa sai ƙabilu da al'ada, kamar dai jakar fata tana tsirowa ne daga ƙasa. Alhali a kowane gari an san gwani. A Damagaram an san badukun da ake jira wata uku don a sami aikinsa, a Tawa an san mai takalmin da ɗinkinsa ba ya kwancewa, a Madawa an san matar da tabarmarta ta fi ta kowa laushi da tsarin launi, haka a Mirriya da Bubon wajen masu ginin tukwane, da masaƙan bargon tera-tera, da maƙeran farfaru na Agadas. Masu sayen kayan ne ba su tambaya ba, ko suka tambaya ba su rubuta ba. Abin da ya wuce ba mu da iko a kansa, amma gwanayen yau suna raye, suna da suna, suna da waya a aljihu. Gidan fasaha na jami'a ya ɗauki alkawarin cewa ba zai karɓi aikin mai rai ba sai da sunansa, da sunan wanda ya koya masa, da muryarsa a naɗe yana bayanin aikin da harshensa.

Kada kuma a tsaya ga abin da aka gama aka goge. Don koyarwa, rabin aiki ya fi cikakke amfani. A ajiye fata a kowane mataki, daga ɗanya zuwa wadda ta sha bagaruwa a majema zuwa wadda aka rina ja, a ajiye rigar da aka zana mata aska ba a fara ɗinki ba kusa da wadda aka kai rabi, a ajiye kakin zumar da maƙeri ya siffanta kafin ya lulluɓe shi da yumɓu ya zuba narkakkiyar azurfa, da zartonsa da awartakinsa. A sami kashi biyu na kaya: waɗanda ba su da na biyu, da ba a taɓawa sai da izini da safar hannu, da waɗanda aka saya musamman don ɗalibai su juya, su shinshina, su auna, har su kwance ɗinki in bincike ya bukata. Shi kuma gwanin a kawo shi aji a matsayin malami, a biya shi kamar yadda ake biyan malamin da aka gayyato daga wata jami'a. Na sha ganin taron da ake kiran masu sana'a su zauna a rana suna aiki don baƙi su yi kallo, masu digiri kuma suna inuwa suna bayani a kansu da Faransanci. Wannan tsari ne da ya kamata jami'a ta ji kunyarsa.

Akwai kuma fasahar zamani, wadda ta fi kowace saurin ɓacewa domin ba a ɗauke ta tsohuwar da ta isa adanawa ba. Moustapha Alassane, wanda yana cikin na farko a Afirka da suka yi fim ɗin zane mai motsi, ya jagoranci sashen sinima a wannan jami'a tsawon shekaru, daga baya ya zauna a Tawa yana aiki da ƴar tsana da zane har rasuwarsa a 2015. Ƴan tsanarsa da takardun zanensa da na'urorin da ya harhaɗa da hannunsa, irin kayan da gidan fasaha na jami'a ya kamata ya nemi izinin iyali ya adana ke nan. Haka zanen Rissa Ixa da na tsararsa, da tufafin da aka nuna a bikin FIMA da Alphadi ya fara a hamadar Tigidit a 1998. Zan ƙara da abin da wasu za su yi wa dariya: allunan shagon aski da aka zana kawuna a kai, da rubutu da furannin da ake yi wa manyan motoci, da hotunan tsofaffin masu ɗaukar hoto na unguwa, da jeren kwanonin ɗakin amarya na shekarun baya. Tun da injin buga hoto a leda ya shigo, masu zanen allo da fenti suna ta raguwa a Yamai a kan idonmu, kuma allon da aka cire yau gobe ya zama murfin akurkin kaji. Sayensa ba ya bukatar kuɗi mai yawa, sai dai mutumin da zai zagaya da babur yana tambaya.

Na san abin da za a ce mini, domin abokan aikina sun riga sun faɗa. Na farko shi ne kuɗi: ɗalibai suna cunkushe a ɗakunan lacca, suna jiran alawus, ɗakunan kwana ba su isa ba, ƙasa kuma tana fama da matsalar tsaro, sai wani ya zo da maganar ƙwarya da tabarma? Maganar tana da nauyi, kuma da babban gini nake nema da na yi shiru. Abin da nake nema ɗakuna biyu ne ko uku, da ma'aikata kaɗan da aka horar, da ɗan kasafi na shekara wanda ba ya yankewa. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, domin mun saba da aikin da wata ƙungiyar waje take ɗaukar nauyinsa shekara uku, ranar da ta tafi a rufe ƙofa, makulli ya yi tsatsa. Gara ƙaramin abu da kuɗin gida a kan babba da kuɗin baƙo. Jira kuma yana da nasa farashi, tun da tsohon da ya san sunan kowane zane a jikin ƙwarya ba zai jira tattalin arziki ya gyaru ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu ya shafi addini, kuma ba na so a yi masa rainin da wasu ƴan boko suke yi. Akwai iyaye da ɗalibai da zuciyarsu ba ta kwanta da siffofin mutane na yumɓu ba, suna ganin kamar ana girmama gumaka ne. Amsata ita ce nazarin abu dabam yake da bauta masa, kuma Alƙur'ani da kansa ya yi umurni a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabata ya kasance. Ban da haka, mafi yawan abin da zai cika wannan gida daga hannun malamai da almajirai da masu yi musu hidima ya fito, kamar allon zayyana na saukar karatu, da rubutun mahaddata, da gafaka, da tsarin ginin masallatai. Sai dai akwai wurin da nake tare da masu ƙorafin. Tukwanen Bura kayan kabari ne, kuma a Gobero cikin Tenere, inda ayarin Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya gano tsohuwar makabarta a shekarar 2000, mutane ne aka tono, har da mace da yara biyu da aka binne rungume da juna. Ƙasusuwan mutane ba abin baje koli ba ne a wurina, ko sun shekara dubu nawa. A adana su cikin sutura a keɓantaccen wuri, masu bincike su shiga da ladabi, a kuma sa malaman addini da mutanen yankin da aka tono su cikin masu tsara ƙa'idar.

Masu cewa za a yi wa Muze kishiya kuwa, ban ga abin tsoro ba. Ɗaya na jama'a ne, ɗayan na ɗalibai da masu bincike, kuma na biyun shi zai horar da ma'aikatan da na farkon zai ɗauka gobe, su riƙa ba juna aron kaya da rubutacciyar yarjejeniya.

Wani dalilin da ya sa nake ganin abin na gaggawa ne shi ne maganar maido da kayan da aka kwashe zamanin mulkin mallaka. Rahoton da Felwine Sarr da Bénédicte Savoy suka miƙa wa gwamnatin Faransa a 2018 ya ƙiyasta cewa akwai kayan Afirka ta kudu da Sahara kimanin dubu casa'in a gidajen tarihin gwamnatin ƙasar, kuma a 2021 aka maido wa Jamhuriyar Benin guda 26. A 2021 ɗin dai, wata kwaleji ta Jami'ar Kambirij da Jami'ar Abadin, duka a Birtaniya, suka miƙa wa Najeriya kayan tagulla na masarautar Bini, kuma a Kambirij ɗalibai ne suka fara tayar da maganar. Neman a maido da abu ba ya yiwuwa da jawabi kaɗai. Sai an sami wanda zai zauna ya bi kundayen waɗancan gidaje ɗaya bayan ɗaya, ya gano abin da ya fito daga Damagaram ko Adar ko Abzin, ya binciko ko saya aka yi ko kyauta ce ko ganimar yaƙi, kamar a hanyar da ayarin Voulet da Chanoine ya bi a 1899 yana ƙone garuruwa har Birnin Ƙonni da Lugu. Wannan aikin ɗaliban digiri na biyu da na uku ne, kuma ba za su iya shi ba in ba su taɓa cika katin rajista na abu ko guda da hannunsu ba.

Sai harshe. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ana ta muhawara a kan ko harsunanmu za su iya ɗaukar ilimi mai zurfi. A fagen fasaha tambayar ma ba ta taso ba, domin kalmomin sana'a suna cikin harsunan masu sana'ar. Faransanci ba shi da kalma guda da ta yi daidai da makuba, ko zanko, ko dagi, sai dai ya yi dogon bayani. A rubuta katin kowane abu da harshen wanda ya yi shi tukuna, Hausa ne ko Zabarmanci ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, sa'an nan a fassara. Cikin shekara goma, kundin rajistar zai zama ƙamus na sana'o'in ƙasar nan wanda babu kwamitin da zai iya zama a ofis ya ƙirƙiro shi. Ba kuma dole ne komai ya taru a Yamai ba. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ta fi kowa kusa da maginan Adar da dukawanta, ta André Salifou a Damagaram tana da unguwar Birni da zanen bangayenta a bakin ƙofa, ta Agadas tana da maƙera da zanen duwatsun Abzin, irin raƙuman dawan Dabus da babbansu ya haura mita biyar. Kowace ta riƙe na yankinta, kundin ya zama guda a intanet.

Ranar da aka buɗe kundin, ina da abin da zan kai. Wata ƙwarya ce ta kakata, wadda ta zo da ita ɗakin miji daga wani ƙauye na Adar, an yi mata zane da wuƙa mai zafi tun daga baki har gindi, ta taɓa fashewa gyartai ya ɗinke ta da kyau har ɗinkin ya zama kamar cikin adon. Na san kasuwar da aka saye ta, na san kusan shekarar, domin an ce damina biyu ce kafin a haifi mahaifina. Na tambayi gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage a tsararsu, ko ta san wanda ya yi zanen, sai ta ce tana jin ana ambaton wani mutum mai ɗingishi da yake zama ƙarƙashin tsamiya ranar kasuwa, amma sunan ya shige mata. Haka zan rubuta a katin, a layin da aka tanada don sunan mai aikin: mai ɗingishi, gindin tsamiya, ranar Lahadi.